Yadda Ake Fitar da Om da Wat Daga Bolt da Amfiya

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa ƙwan fitilar mota da batir, mita ta nuna maka bolt 12 da amfiya 1.75, kana so ka san turjiyar ƙwan da kuma wat nawa yake ci. Ka ƙara da cewa da ka cire ƙwan ka auna shi shi kaɗai, mitar ta ba ka om 0.8, alhali wani da ya yi maka lissafi ya ce wajen om 7 ne, har ka fara zargin ko mitar ce ta lalace. Mitarka lafiyarta ƙalau, shi ma mai lissafin bai yi kuskure ba. Bari mu fara da lissafin, sannan mu zo kan abin da ya raba lambobin biyu, don a can ne ainihin ilimin yake.

Ƙa'idoji biyu kawai kake buƙata. Ta farko ita ce ta Georg Ohm, wani malamin kimiyya Bajamushe da ya wallafa ta a shekarar 1827: idan ka raba boltej da karant, abin da ya fito shi ne turjiya. Ana rubuta ta R = V ÷ I, inda V yake nufin boltej a ma'aunin bolt, I karant a ma'aunin amfiya, R kuma turjiya a ma'aunin om. A naka ƙwan, 12 ÷ 1.75 ya ba da 6.86. Turjiyarsa ke nan yayin da yake kunne. Ta biyu kuma ta ƙarfin wuta ce: P = V × I. Sha biyu sau 1.75 ya zama 21, wato ƙwan yana cin wat 21. Duba gindinsa da kyau, ina kyautata zaton za ka ga an buga 12V 21W a jikin ƙarfen, don irin ƙwan sigina da na birki ne da ake sa wa motoci da yawa.

Masu koyarwa sun saba kwatanta abin da ruwa a cikin bututu: boltej shi ne matsin da ke tura ruwan, karant yawan ruwan da ke wucewa, turjiya kuma ƙuncin bututun. Kwatancen yana taimaka wa mai farawa, amma kada ka jingina da shi sosai, domin bututu ba ya ƙara ƙuntata don ruwa ya ɗumama shi, waya kuwa turjiyarta tana ƙaruwa idan ta yi zafi.

Ina so ka fahimci dalilin da ya sa ake ninka bolt da amfiya, maimakon ka haddace shi haddar aku. Amfiya ɗaya na nufin wani adadi na cajin lantarki, wanda ake kira kulom ɗaya, yana ratsa waya a kowace daƙiƙa. Bolt ɗaya kuma na nufin kowane kulom yana sauke makamashi jul ɗaya a tsakanin wuraren biyu da ka ɗora bakin mita. To idan kulom 1.75 suna wucewa ta cikin ƙwan a daƙiƙa guda, kowannensu yana sauke jul 12, jimla jul 21 ke sauka a daƙiƙa. Jul ɗaya a daƙiƙa shi ake kira wat ɗaya. Wanda ya gane wannan ba zai taɓa ruɗewa ya raba inda ya kamata ya ninka ba.

Daga waɗannan biyun ake haifar sauran. Tunda V daidai yake da I × R, kana iya cire V ka sa I × R a gurbinsa, sai ka samu P = I × I × R. Ko ka cire I ka sa V ÷ R, sai ka samu P = V × V ÷ R. Gwada da ƙwanka: 1.75 sau 1.75 ya ba da 3.06, sau 6.86 ya koma 21. Ta ɗaya hanyar, 144 ÷ 6.86 shi ma 21 ne. Akan zana wani da'ira mai ƙa'idoji goma sha biyu a ba ɗalibai su haddace, ni kuwa ban ga amfaninsa ba. Duk sha biyun daga biyun nan suka fito, kuma ɗalibin da ya dogara da zanen, ranar da ya manta shi ya tsaya ke nan.

Inda mutane suka fi faɗuwa a lissafi shi ne wajen ƙananan ma'aunai. Mita ta nuna 250 a sashen miliamfiya, mutum ya ɗauki 250 ɗin ya zuba cikin ƙa'ida yadda take. Miliamfiya kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya, saboda haka 250 ɗin 0.25 ne. Abin da ke jan miliamfiya 250 a bolt 5, turjiyarsa om 20 ce, kuma yana cin wat 1.25. Wanda ya manta da juyawar zai ce wat 1,250, ƙarfin dutsen guga ke nan, daga abin da ko ɗumi da ƙyar yake yi. Duk sanda ka gama lissafi ka tsaya ka tambayi kanka ko amsar ta yi kama da abin da ke gabanka.

Yanzu batun om 0.8 da om 6.86. Zaren da ke cikin ƙwan na ƙarfen tangistan ne, an zaɓe shi don ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400 a ma'aunin Salsiyas. Idan ƙwan yana haske, zaren yana kai wajen digiri 2,500. Turjiyar ƙarfe kuwa tana hauhawa da zafi. Jan ƙarfen da ake yin wayar wuta da shi yana ƙara kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, tangistan ma kusan haka yake, ko ya ɗan fi. A digiri goma ko ashirin ba abin damuwa ba ne, amma a digiri dubu biyu da ɗoriya turjiyar takan ninka sau goma zuwa sha biyar. Mita a sashen om ɗan karant kaɗan take turawa, wanda bai isa ya ɗumama zaren ba, don haka turjiyar sanyi ta faɗa maka. Lissafin kuma ya faɗa maka ta zafi.

Akwai ƙari a kai. Haɗa bakin wayoyin mitar biyu da juna, ja da baƙa, ba tare da komai a tsakani ba. Za ka ga ba ta sauka sifili ba, takan tsaya a 0.2 ko 0.3, wato turjiyar wayoyin kansu da inda aka soka su. Cire wannan daga 0.8, zaren ƙwanka a sanyi wajen om 0.6 yake ko ƙasa da haka. Raba 12 da 0.6 ka ga abin mamaki: amfiya 20. A ɗan ƙiftawar ido na farko da aka kunna ƙwan, kafin zaren ya yi ja, karant ɗin da yake neman ja ya ninka na aikinsa fiye da sau goma. Shi ya sa irin waɗannan ƙwayaye suka fi mutuwa a daidai lokacin da aka danna makunni, inda zaren ya riga ya sirance nan yake tsinkewa.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, raba V da I kullum zai ba ka lamba, amma lambar ta wannan halin ce da ka auna a cikinsa. Ohm ya yi gwajinsa ne da wayoyin ƙarfe, kuma ƙa'idarsa tana cewa turjiya ba ta canzawa ko an ƙara boltej, muddin zafin wayar bai canza ba. Rezisto, wato ɗan kayan da ake ƙerawa musamman don ya rage karant, yana bin wannan sosai, wayar hita ma tana bi gwargwado, don an yi ta da haɗin nikel da kuromiyam wanda zafi bai cika canza shi ba. Ƙwan tangistan ba ya bi. Idan ka ba ƙwanka bolt 6 kana tsammanin karant zai koma rabi, za ka tarar ya fi rabi da kyau, saboda zaren bai yi zafin da ba, turjiyarsa ta ragu.

Haka nan dole boltej da karant su zama na abu ɗaya, a lokaci ɗaya. Wannan sharaɗi ne da ake yawan tsallakewa. Batirin mota da ya cika yakan nuna bolt 12.6 idan ba a jan komai daga gare shi, in injin yana aiki kuma yakan kai wajen 14. Idan ka auna batirin a zaune, sannan ka auna karant bayan ka kunna, ka haɗa lambobin yanayi biyu ke nan. Ɗora bakin mitar a kan ƙafafun ƙwan kansa yana cikin haske, wannan boltej ɗin ne nasa.

Ƙaramar fitilar LED ta fi kowa tona asirin wannan kuskure. Ja daga cikinsu takan riƙe wajen bolt 2 a kanta, kuma miliamfiya 20 ya ishe ta. Kana so ka kunna ta da bolt 12, sai ka sa mata rezisto a jere. Om nawa? Da yawa sukan raba 12 da 0.02 su ce 600. Amma rezisto ba bolt 12 yake gani ba: fitilar ta ɗauki 2, saura 10 ne a kansa. Goma a raba da 0.02 ya ba da om 500, sai ka ɗauki 510 ko 560, waɗanda su ake ƙerawa kusa da wannan lamba. Kada ka tsaya nan, ka lissafa zafin da zai sha: 10 × 0.02, wat 0.2. Ƙaramin rezisto na yau da kullum rubu'in wat yake ɗauka, wato 0.25. A takarda ya isa, amma zai yi ta aiki a bakin iyakarsa, in ka taɓa shi za ka ji shi zau. Ni shawarata kullum a ɗauki wanda ya ninka abin da lissafi ya bayar, a nan mai rabin wat. Rezisto da ka gani ya yi baƙi, launukan jikinsa sun ƙone, allon da ke ƙarƙashinsa ya yi ruwan ƙasa, galibi om ɗinsa daidai ne, wat ɗinsa ne ba a lissafa ba.

Akwai tambayar da na san za ta zo maka idan ka ƙura wa ƙa'idojin nan ido, gara in tare ta. A P = I × I × R, in turjiya ta ƙaru ƙarfi ya ƙaru. A P = V × V ÷ R, in turjiya ta ƙaru ƙarfi ya ragu. Wanne za a bi? Duka biyun, amma sai ka duba wane ne ba ya motsi a wurin da kake magana, boltej ko karant.

Kayan da ake sokawa a soket duk boltej ɗaya suke samu, a ce bolt 230, wanda shi ne ma'aunin ƙasashe da yawa. A nan mai ƙaramar turjiya shi ya fi ci. Butar lantarki mai wat 2,000: 230 sau 230 ya ba da 52,900, a raba da 2,000, om 26.5 kacal, kuma tana jan amfiya 8.7. Tsohon ƙwan ɗaki mai wat 60 kuwa turjiyarsa a kunne ta kai om 880. Kuma tunda boltej sau biyu yake shiga lissafin, ɗan canji a cikinsa babban canji ne a ƙarfi. Idan wuta ta yi rauni ta sauko 180, butar nan za ta ba da 32,400 ÷ 26.5, wajen wat 1,220. Boltej ya ragu da kashi 22 cikin ɗari, zafi ya ragu da kusan kashi 39. Ta ɗaya ɓangaren abin ya fi muni. Hitar da aka ƙera don Amurka, inda soket yake ba da bolt 120, in wat 1,000 ce turjiyarta om 14.4 ce. Soka ta a 230, sai ta nemi fitar da 52,900 ÷ 14.4, sama da wat 3,600. Ba ta daɗewa.

Amma wayar da ke kai wa butar wuta a jere take da ita, karant ɗaya ne yake ratsa su duka. A nan lissafin ya juya: duk inda turjiya ta fi yawa a kan hanyar, nan zafi zai taru. James Joule ne ya tabbatar da wannan ta gwaji a Ingila a wajajen 1840, cewa zafin da waya ke fitarwa yana tafiya da karant sau kansa sau turjiya. Jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i ɗaya yana da kusan om 0.017 a kowace mita ta tsawo. Ɗauki wayar ƙari mai tsawon mita 20 da wannan kauri. Wuta za ta je ta dawo, tsawon ya zama mita 40, turjiya wajen om 0.69. Butar za ta ja kusan amfiya 8.5 ta cikinta. 8.5 sau 8.5 ya ba da 72, sau 0.69, wajen wat 50 ke nan da ke zama zafi a jikin wayar, kuma kusan bolt 6 sun zube a hanya. Idan wayar a miƙe take iska na kaɗa ta, za ta yi ɗumi kawai. Idan a nannaɗe take a kan abin naɗinta, zafin ba shi da mafita, robar ta fara laushi. Da mai kauri 2.5 aka yi amfani, asarar za ta sauko wajen wat 20.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗin da ya yi sako-sako. Noti bai ɗauru ba a bayan soket, ko bakin fulogi ya yi tsatsa, wurin ya samu turjiyar rabin om. Rabin om ba ya kama da abin tsoro. Amma 72 sau 0.5 wat 36 ne, dukkansu a wuri ɗaya da bai fi farce ba, kuma ƙarfen da ake narka dalma da shi wajen gyaran rediyo ma wat 30 zuwa 40 yake ci. Zafin yana ƙara ɓata wurin, turjiya ta ƙaru, zafi ya sake ƙaruwa. Fis ba zai tsinke ba, domin karant bai wuce ƙa'ida ba, hasali ma ya ɗan ragu. Soket da ka ga gefen raminsa ya yi baƙi ko kana jin ƙaurin roba daga gare shi, a kashe wutar a buɗe shi tun kafin ya kai ga gobara.

Wannan lissafin ne kuma ya sa masu haɗa batura da inbata suke gudun bolt 12 idan kaya sun yi nauyi. Wat 1,000 a bolt 12 amfiya 83 ne, ba a ma sa asarar inbatar ba. A bolt 48 amfiya 21 ne. Idan kebul ɗin yana da om 0.01 kacal, na farko zai zubar da wajen wat 69 a cikinsa, na biyu wat 4 da ɗoriya. An rage karant sau huɗu, asara ta ragu sau goma sha shida. Dalilin ke nan da manyan layukan da ke ɗauko wuta daga tasha suke tafiya da dubban ɗaruruwan bolt, sai an zo kusa da masu amfani taransifoma ta sauke shi.

Duk abin da na faɗa yana tafiya kai tsaye a wutar batir, wato DC. Wutar soket AC ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, a wasu ƙasashe sau 60. Lambar 230 da ake faɗa ba ƙololuwarta ba ce, ƙololuwar tana kai wajen 325. An zaɓi 230 ne don ita ce daidai da boltej ɗin DC da zai ba da zafi iri ɗaya a hita, kuma ita mita take nunawa. Saboda haka ga buta, dutsen guga da hita, yi lissafinka yadda muka yi ba tare da fargaba ba.

Inda za ka yi hattara shi ne kayan da ke da naɗin waya a ciki, irin moton fanka, na firji da na famfon ruwa. A cikinsu karant yana ɗan jinkirta wa boltej, ba sa kai ƙololuwa tare, don haka V × I yakan fi ainihin wat ɗin da ake ci. Moton da ke jan amfiya 2 a bolt 230 ya ba da 460, amma wannan ana kiransa VA ne, wato bolt sau amfiya, ba wat ba. Sai ka ninka shi da wata lamba da ba ta wuce ɗaya ba, wadda akan buga a allon jikin moton kusa da alamar PF ko cos φ. In 0.8 ce, wat 368 ke nan. Waya da fis da janareta kuwa amfiya 2 ɗin suke ɗauka cif, shi ya sa ake rubuta girman janareta da taransifoma da kVA, wato VA dubu. Haka kuma 230 ÷ 2, wato 115, ba turjiyar naɗin ba ce. In ka auna naɗin da mita za ka samu ƙasa da haka nesa ba kusa ba, domin moto mai juyawa yana haifar da nasa boltej da ke tare wanda ake ba shi. Idan wani abu ya riƙe shi ya kasa juyawa, wannan tariyar ta tafi, karant ya yi tsalle, naɗin ya ƙone. Kuma moton da ke ɗauke da kaya, in boltej ya yi ƙasa, sau da yawa ƙarin karant yake ja don ya cika aikinsa, akasin abin da hita take yi. Cajar waya da ta kwamfuta ma ƙarin karant suke ja kamar moton.

Wat kuma saurin ci ne, kada ka haɗa shi da yawan abin da aka ci. Don ka san wannan sai ka ninka da lokaci: butar wat 2,000 da ta yi minti 15 ta ci rabin kilowat-awa (kilowat-awa ɗaya shi ne cin wat dubu na tsawon awa guda), ma'aunin da mitar gida take ƙirgawa. Ƙwanka mai wat 21 sai ya yi kusan awa 24 a kunne kafin ya ci haka.

Wajen awon kansa, boltej ana auna shi ne ta ɗora bakin mita a gefe biyu na abin ba tare da an kwance komai ba. Karant kuwa sai an yanke hanya an sa mitar a tsakani, a mayar da jar wayar ramin da aka rubuta 10A. Da zarar ka gama ka mayar da ita raminta na bolt, domin a sashen amfiya mitar kusan waya ce miƙaƙƙiya, in ka manta ka ɗora ta a kan batirin mota fis ɗinta zai tashi nan take, in ba ta da fis kuwa wayoyin ne za su narke a hannunka. Om ba a auna shi sai an cire wuta gaba ɗaya, kuma an ɗaga ƙafa ɗaya ta abin daga allo don kada sauran kayan su shiga awon. Ga wutar soket, kada ka yanke waya don auna karant. Nemi mita mai baki kamar filaya wadda ake maƙalawa a jikin waya, ka kama waya ɗaya tak daga cikin biyun, don in ka haɗa su duka a bakinta sifili za ta nuna.